Mai Shayin Ɗakin Taro a Hatta

Aikin da aka ce na zo yi Dubai babu shi. Tun a makon farko na gane haka, ina tsaye a bakin wani bene a unguwar Al Khabaisi da jakar takarduna a hammata, mai gadi yana ta maimaita mini cewa a ginin nan babu otal, babu ofishin otal, wani mai dillancin tayoyi ne a hawan da nake nema. Na kira ejan ɗin da ya yi mini hanya daga Kano, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari layin ma ya mutu. Sai a lokacin na nuna wa wani bizata, ya duba ya ce ai ta baƙunci ce, ba ta aiki ba.

Sunana Sabi'u. A Kano sana'ata shirya ɗakin taro ce: jera kujeru, haɗa lasifika da majigi, kawo shayi idan an tafi hutu. Na daɗe ina yi a wani ɗakin taro da ke titin gidan Zu, har ya zamana da na leƙa ɗaki zan gaya maka mutum nawa zai ci. Da wannan aka ruɗe ni, aka ce a Dubai masu irin hannuna nemansu ake yi. Na bar matata Zainab da 'yarmu ƙarama, na taho.

Zangona na farko unguwar Hor Al Anz. Wani fulat ne da aka cika da gadaje masu hawa biyu, kowa gadonsa shi ne ɗakinsa, shi ne falonsa. Na sama aka ba ni, daf da na'urar sanyaya ɗaki, kullum sai na tashi da mura. A gadon ƙasa akwai Isufu, mutumin Maraɗi, baƙi dogo, mai yawan dariya. Ranar da na dawo daga Al Khabaisi na hau gado na juya wa duniya baya, sai na ji ya buga katakon gadon daga ƙasa, yana tambayar lafiyata da Faransancin mutanen Nijar.

“Sa ba, Bakano? Sauko mu ci shinkafa.”

Na ce ba na jin yunwa.

“Kowa a ɗakin nan da ejan ɗinsa. Nawa ma har addu'a ya yi mini a tasha. Sauko, abinci na hucewa.”

Na sauko. Shi ya kai ni Deira, lungunan da 'yan kago suke, inda ake ɗaure kayan 'yan kasuwa a tura Kano da Legas. Aikina ɗaukar kwali da naɗe shi da salatif, daga shago zuwa mota, daga mota zuwa sito. Da bizar baƙunci ba a yarda ka yi aiki ba, saboda haka kullum idona yana bakin lungu. Zafin garin kuwa ba irin namu ba ne, shi jiƙa ka yake yi, ka fito da riga busasshiya kafin ka kai tashar jirgin ƙasa na metro ta manne a bayanka. Amma abin da ya fi zafin damuna shi ne alhazan Kwari da na Sabon Gari da ke wucewa suna ciniki da Hausa. Da na hango wanda nake zaton ya san ni sai na ja hula na sunkuya bayan kwali. A gida an san ina aikin otal.

Bizar tana gab da ƙarewa Isufu ya zo mini da labari. Wani direba Basudane da suke salla tare yana kai kayan miya wani masauki a Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman, ya ce suna neman mai kula da ɗakin taro. Isufu ya ara mini farar rigarsa, hannun ya yi mini tsawo sai da na naɗe, ya raka ni har bakin bas.

Ban taɓa sanin Dubai tana da irin wannan wuri ba. Benaye suka ƙare, yashi ya karɓa, yashin ma ya ƙare, sai ga duwatsu jajaye-jajaye tsirara, babu ko ciyawa a kansu. A tsakiyarsu akwai gandun shaƙatawa na hukuma, da madatsar ruwa mai kore shar, da hanyoyin masu hawan dutse da masu keke. Masaukin yana gefen gandun: ƙananan ɗakuna na katako a warwatse a jikin tudu, ɗakin cin abinci, sai ɗakin taro guda mai bangon gilashi yana kallon dutse.

Manajar ɓangaren taro 'yar Filifin ce, Madam Lorna, gajeriya mai saurin tafiya. Ba ta ko buɗe takarduna ba. Ta kai ni ɗakin taron, ta nuna mini kwalin wayoyi a cukurkuɗe da majigi a ƙasa, ta ce mutum ashirin za su zo, ba sa son zama irin na 'yan makaranta, ta fita. Da ta dawo na jera kujerun kamar kofaton doki, hoto yana bango, makirfo yana magana. Ta zagaya, ta gyara kujera ɗaya da ba ta buƙatar gyara, ta ce, “Khalas, shi ke nan. Za mu canza maka biza. Amma a gwaji kake, har na wasu watanni. Baƙo ya kai ƙararka wurin babban manaja, ni ba ni da abin da zan iya yi maka.”

Ta ba ni dokoki. Ka shiga kamar ba ka shiga ba. Ban da hira da baƙi. Abin da ka ji a ɗakin taro ka bar shi a ɗakin taro. Aka buga mini ɗan allon suna na ƙirji, aka rubuta “Sabi”, wai cikakken ya yi musu wuyar faɗa.

A nan na ga wata al'ada da ban saba da ita ba. Kamfani guda zai kwaso ma'aikatansa daga cikin gari, ya kawo su bayan duwatsu su kwana biyu ko uku, don kawai su yi maganar da suka kasa yi a ofis. Ranar farko za su iso da kwat da takalma masu ƙyalli, kowa ido a waya, suna tambayata inda sabis ya fi ƙarfi. Washegari da sassafe a fitar da su hawan dutse, ko a zuba su bibbiyu a ƙananan kwale-kwale a madatsar ruwa. Ka ga babban darakta yana juyi a wuri ɗaya da filafili a hannu, akawunsa yana koya masa. Idan suka dawo ɗakin taro kuwa sai ka ji muryoyin sun canza. Wasu a nan suke shiryawa, wasu a nan abin yake fashewa. Na ga wata mata ta ajiye aiki a gaban kowa, ta fita ta zauna a kan dutse tana cin tuffa hankalinta kwance.

Aikin bai dame ni ba, na iya shi. Shirun ne ya dame ni. A Deira ko ina ɓuya ina jin Hausa tana wucewa ta gefen kunnena. A Hatta babu. Kiran waya na ganin fuska ba ya shiga sosai a ƙasar, sai dai ni da Zainab mu yi ta aika wa juna saƙon murya, na saurari nata har na haddace. Akwai awakin wani Balarabe da ke saukowa bayan kicin da yamma. Wata rana na kama kaina ina yi musu faɗa da Hausa, har ina tambayar wata mai ƙaho ɗaya ko ita ma baƙuwa ce. Mai dafa abincinmu, Chacha Nazir, wani dattijo ɗan Pakistan, yana tsaye a bayana yana kallo. Ya miƙo mini shayi mai madara ya koma ciki.

Lokacin sanyi ya shigo, gwajina ya kusa ƙarewa, sai Madam Lorna ta ce wani kamfanin iyali daga Deira ya kama ɗakin taro, mutum uku ne kawai, ba sa son majigi, shayi da ruwa da a rufe ƙofa. Da safe ina jera kofuna na ji ana magana da Hausa daga waje.

“Yaya, bi a hankali, matakalar da santsi.”

Kofin da ke hannuna saura kaɗan ya faɗi. Suka shigo: wata Hajiya babba mai farin gilashi, da maza biyu cikin shadda. Daga baya na san sunayensu. Hajiya Binta ce babbarsu, sai Alhaji Tasi'u, sai autansu Alhaji Munzali. Kamfanin shigo da yadi ne da mahaifinsu ya bar musu.

Na yi sallama irin ta kowa, suka amsa ba tare da sun kalle ni ba. Bakina ya cika da gaisuwa, ina kwana, an zo lafiya, ya hanya, amma na haɗiye. Doka ta ce ban da hira. Kuma gaskiya ban so mutanen gida su gan ni da tire a hannu ba. Alhaji Munzali ya dubi allon ƙirjina ya ce wa ɗan'uwansa, “Sudanawan nan ko'ina suna nan.” Na ci gaba da zuba shayi. Hausar tana shiga kunnena kamar ruwan sanyi, ban ma damu da abin da ake cewa ba, sautin kawai nake sha.

Amma ba a jima ba maganar ta bar gaisuwa. Alhaji Tasi'u ya fara kawo zancen abin da mahaifinsu ya faɗa masa a asibiti, shi kaɗai, game da ƙaninsa. Alhaji Munzali ya ce ƙarya ne, ya ambaci sunan matar yayan nasa, ya fara wata magana da ba ta kamata bare ya ji ba. Ni kuwa aikina na tsaya a kusurwa har a tafi hutu. Sun saki jiki ne don sun ɗauka bango ne a tsaye. Na ji kamar ina leƙen mutane a banɗaki.

Na ajiye butar shayi na ce, “Ranku ya daɗe, ku gafarce ni. Ni Bahaushe ne, ina jin abin da kuke faɗa. In kuna so sai na fita na jira a waje.”

Hajiya ta sauke gilashinta ta dube ni. Alhaji Munzali ne ya miƙe.

“Tun yaushe kake tsaye a nan?”

“Tun shigowarku, Alhaji.”

“Shi ne ka yi shiru sai da ka gama ji?” Ya juya ga yayansa. “Yaya Tasi'u, kai ka zaɓi wurin nan. Duk masaukan da ke ƙasar nan sai wanda ka ajiye ɗan Kano a ciki? Me ka ce ya yi maka, ya naɗi muryata?”

Alhaji Tasi'u ya yi rantsuwa bai taɓa ganina ba. Na rantse ni ma. Babu wanda ya saurare mu. Alhaji Munzali ya fita, bai tsaya wurin Madam Lorna ba, kai tsaye ofishin babban manaja ya nufa.

Kafin azahar an cire ni daga ɗakin taro an mai da ni kicin wankin kwanuka, wai sai baƙin sun tafi a duba maganata. Madam Lorna ta same ni a bakin famfo. Ta ce, “Me ya sa ba ka yi shiru ba kawai? Da babu wanda zai sani.” Na ce ni na sani. Ta ce za ta yi magana, amma kada na sa rai. Na san ma'anar hakan: in aka sallame ni a cikin gwaji, biza ta tafi, sai jirgin gida, hannu rabbana.

Ina wankin kwanuka na lura da wani abu. Tiren da ake kai wa ɗakin Hajiya yana dawowa yadda aka kai shi, na rana haka, na dare haka, na safe ma shayin kawai aka taɓa. Chacha Nazir ya ji haushi ƙwarai, don shi a duniya babu zagin da ya kai a dawo masa da abinci. Ya tambaye ni da guntun Turancinsa, mutanenku me suke ci ne? Na dubi kicin ɗin. Akwai garin alkama mai tsaki-tsaki da suke yin alawa da shi, kusan semo ne. Akwai ɗanyar kuɓewa. A ɗakina kuma ina da ɗan ƙullin daddawa da yaji da na saya a Deira, ina shinshinawa in kewa ta taso.

Matsalar ɗaya ce, ban taɓa tuƙa tuwo ba. Na aika wa Zainab saƙo, ta dawo mini da nata tana dariya har tana tari. “Baban Humaira, tuwo kuma? To ka fara yin talge, ka dama garin da ruwan sanyi tukuna. Kada ka zuba shi a ruwan zafi gaba ɗaya, wallahi gudaji zai yi.” Babu muciya, Chacha ya ba ni wani ƙaton ludayin katako. Na yi yadda ta ce, ko dai na ɗauka na yi. Aka kai wa Hajiya bayan la'asar.

Ba a daɗe ba sai ga ta da kanta a ƙofar kicin, tana dogara bango.

“Wane ne ya yi wannan aika-aikar?”

Na fito ina goge hannu. “Ni ne, Hajiya. Matata Zainab ce ta koya mini ta waya.”

“Kai ne na jiya.” Ta ƙare mini kallo. “Ɗan nan, tuwonka duk gudaji, miyar kuma ka cika mata ruwa. Amma na cinye tas. Akwai sauran garin?”

Na ce akwai.

“To gobe ni zan tuƙa. Waɗancan biyun tun jiya ba sa ko haɗa ido.”

Baƙo ba ya shiga kicin, doka ce babba. Washegari da Hajiya ta iso ta naɗe hannun riga, Madam Lorna ta zo da sauri, ta tsaya a bakin ƙofa tana dubanta, tana duban Chacha da ya riga ya ɗora tukunya. Na ga bakinta ya motsa. Sai kawai ta ciro rigar kicin daga maratayi ta ɗaura wa Hajiya da hannunta, ta ce ita tana da aiki a can ƙasa, ba za ta dawo nan kusa ba.

Ni na riƙe tukunya, Hajiya na tuƙi. Tana yi tana magana, ba lallai da ni ba. Ta ce ita ta goyi Munzali bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta ce mutane za su ce faɗan dukiya ne, alhali ba shi ba ne, Tasi'u ne har yau yake kallon ƙaninsa kamar yaron da ake aika sayen ƙosai, shi kuma Munzali ko gaisuwa aka yi masa sai ya nemi raini a ciki. Ta tambaye ni unguwarmu, na ce Gwammaja. Ta tambayi yadda aka yi na zo nan, na gaya mata, har da kwalayen Deira da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Sai kawai ta ce, “Riƙe da kyau, tana zamewa.”

Ba ta yarda a kai abincin ɗakin cin abinci ba. Ta sa aka shimfiɗa darduma a barandar ɗakin taro, aka zuba a tire ɗaya. Ta aika aka kira ƙannenta, ta ce ba da cokali za a ci ba. Ina shirin komawa kicin ta ce, “Ina za ka? Wanke hannu ka zauna.” Na zauna a gefe, gwiwata tana kusan taɓa ta mutumin da ya kai ƙarata. Aka ci shiru, ba ka jin komai sai kukan awaki daga ƙasan tudu. Can Alhaji Tasi'u ya tura wani yankin nama gaban ƙaninsa ba tare da ya ɗago kai ba. Alhaji Munzali ya daɗe bai taɓa shi ba, sannan ya ɗauka.

Ba zan ce tuwo ya shirya su ba. Sun koma ɗakin taro sun rufe ƙofa har magariba, kuma da suka fito sun raba kamfanin ne: Alhaji Tasi'u ya riƙe shagunan Kano, Alhaji Munzali ya ɗauki harkar Dubai da kwantenoni. Hajiya da ta gaya mini ta ce ita hakan ya fi mata, gara su rabu a kasuwa su ci gaba da zuwa sunan 'ya'yan juna. Na dai ga sun yi sallar magariba tare, ƙanin a bayan yayan.

Ranar tafiyarsu ina fitar da shara Alhaji Munzali ya same ni a bayan kicin. Ya tsaya yana wasa da makullin mota.

“Malam Sabi'u ko? Na je wurin manajan naku, na ce na janye maganata.” Ya juya makullin a hannunsa. “Yaya ce ta ce na je. Amma ni ma na yi tunani. Mai leƙen asiri ba ya ɗaga hannu ya ce ga ni. Ka yi haƙuri.”

Na ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Hajiya ta leƙo daga tagar mota ta ce na kwatanta mata gidanmu a Gwammaja, za ta je ta ga Zainab, ta kuma ba ta haƙuri a kan irin ɗalibin tuƙin tuwon da Allah ya haɗa ta da shi. Motar ta gangara ta ɓace a tsakanin duwatsu, Hausar ta tafi da ita.

Da yamma Madam Lorna ta ce gobe na koma ɗakin taro, wasu 'yan banki za su zo su talatin. Ba ta ambaci gwaji ba, ni ma ban tambaya ba, sai daga baya aka tabbatar da ni.

Washegari da sassafe na shiga kicin na tarar Chacha Nazir yana shirin zubar da malmala biyu da suka rage a firji. Na riƙe hannunsa. Na yayyanka su a tukunya, na zuba sauran miyar da ɗan ruwa, na bar shi ya yi zafi har ya fara kamawa a ƙasa. Muka fita bayan kicin muka zauna a kan dutse, rana tana fitowa, sanyi yana shiga ta hannun riga. Ya sa hannu ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai, ya tambaye ni sunan abin.

Na ce, “Ɗumame.”

Ya ce, “Dumami.”

Na gyara masa, ya sake faɗa ba daidai ba, na ƙyale shi. Muka cinye, ya kankare ƙanzon da cokali ya raba mana biyu. Daga ƙasan tudu muka ji ƙarar bas ɗin 'yan banki tana hawowa. Chacha ya miƙe ya karkaɗe wando ya ce, “Yalla, Sabi, mu je.” Na wanke hannu na tafi jera kujeru.